Zangon da Smoko Bai Yi Ba

Noelene Hartigan tana gudu-gudu riƙe da linzami, dokinta Smoko na sassarfa a bayanta, har suka kai ƙarshen fili suka juyo. Kwatangwalonta na dama sai suka yake. Lachlan, likitan dabbobi, ya saurari bugun zuciyar dokin, ya ɗaga leɓensa ya danna dasashi.

"Doki dai ya haye," in ji shi. "Da ke zan duba, da tuni na fitar da ke. Ɗingishi fa kike, Noelene."

"Ka ji yaro. Ina kan sirdi tun ba a yaye ka ba. Sa hannu kawai."

Zango ɗaya ya rage a gasar dawaki ta dogon zango da suka faro tun asuba cikin dajin Queensland. Bayan kowane zango sai likita ya duba doki ya sa hannu kafin a ci gaba. Duk wanda ya kammala da dokinsa lafiya lau, ana ba shi kan bel na azurfa. Sau biyu tana zuwa tana komawa hannu Rabbana. Wata mai kamawa za a yi mata aiki a kwatangwalo, kuma an riga an gaya mata daga nan ita da sirdi sai kallo.

A sansani kowane mahayi da tawagarsa, wannan na zuba wa doki ruwa, wancan na cusa wa mahayin burodi a baki, ga yara da karnuka ana ta hayaniya. Ita kuwa tun rasuwar mijinta ita ce mahayiya, ita ce mai ɗiban ruwa. Ta ɗaure Smoko a bayan motarta, ta juya bokiti ta zauna. Kaɗaici ya danne ta, irin wanda ya fi ciwo a cikin taro.

Nan Smoko ya buɗe ƙafafu ya yi fitsari. Baƙi ƙirin ya fito, kamar shayin da ba madara.

Ta duba dama, ta duba hagu. Ba wanda ya gani, don dama ba mai kallon wajenta. Ta san abin sarai: naman jikinsa ne ya fara lalacewa, in aka matsa ƙoda ta tafi. Amma likita ya riga ya sa hannu. Dokar gasa ta ce alhakin doki na wuyan mahayinsa, to amma doka ba ta da ido a bayan mota.

Har sirdi ta ɗora masa. Kullum in za ta ja majayi sai ya kumbura ciki don tsokana. Yau ya tsaya shiru, ya ma sunkuyo da kai yana jiran linzami. In ta ce a tafi, zai tafi har inda zai faɗi. Abin da ya karya mata zuciya ke nan. Ta sauke sirdin, ta ja shi suka koma wurin likita.

"Mantuwa kika yi?" in ji Lachlan da ya gan su.

"Fitsarinsa baƙi ne. Cire mu."

Wasan ya bar fuskarsa. Ya shafa cinyar dokin, ya ji ta kamar katako.

"Ɗazu ba haka take ba. Da kin yi shiru, ba yadda zan sani."

"Na sani. Kawo ruwanka ka daina surutu."

Aka rataye jakar ƙarin ruwa a reshen bishiya, aka soka allura a wuyan Smoko. Lachlan ya koma kan layin dawakan da ke jiransa. Ɗaya bayan ɗaya mahaya suka fice, iyalansu na binsu da tafi har bakin shinge. Sansanin ya yi tsit, sai ƙudaje.

Can lasifika ta yi ƙara, don ba wanda ya tuna ya sanar da mai tsaron ƙofa cewa ta janye.

"Noelene Hartigan, lokacin fitarki ya yi. Noelene, muna jiranki."

Rabon da wani ya ce yana jiranta har ta manta. Ta gyara riƙon igiyar Smoko, ta bari ya sake kira.