Kofi a Ƙarƙashin Kujera

Shekara biyu ke nan malamar Turanci tana koyarwa a matsayin 'yar gwaji, kuma yau mai duba makarantu zai zauna a ajinta. In ya sa hannu a takarda, an tabbatar da ita a aiki. In bai sa ba, sai ta tattara allinta ta san inda dare ya yi mata.

Darasin da aka ba ta shi ne guntayen jimlar nan na Turanci masu faɗin inda abu yake: a kan kaza, ƙarƙashin kaza, bayan kaza. Malamar lissafi, wadda ta ga jiya ta ga yau a makarantar, ita ta ba ta dabara.

"Ƙanwata, wa ya ce miki ana koyar da sabon abu a gaban baƙo? Ki sa su haddace tun kafin ya zo. Haka muke yi tun ba a haife ki ba."

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji malama a ranta. Kwana biyar tana yawo da kofin roba a cikin aji: kan tebur, ƙarƙashin kujera, bayan ƙofa, cikin jaka. Kullum haka, bi da bi. Tana tambaya, yara hamsin da biyu suna amsawa da murya ɗaya har tagogi na rawa.

Baƙon ya shigo yana ɗingisa ƙafa, dattijo ne mai tabarau. Ya duba nan, ya duba can, ya ja kujerar malama ya zauna. Ita kaɗai ce kujera a ajin, sauran duk benci ne.

Malama ta ɗora kofi a kan tebur, ta tambaya. Suka amsa daidai. Sai ta juya ga kujera, ga baƙo zaune a kai. Ta yaya za ta durƙusa ta cusa kofi tsakanin ƙafafun mutumin da ya kai sa'an mahaifinta? Ta ce masa ya tashi kuma, ina, bakinta ba zai iya ba. Ta wuce da sauri ta ajiye kofin a bayan ƙofa.

"Ina kofi yake?"

Yara hamsin da biyu suka rangaɗa da Turanci mai daɗi cewa kofi yana ƙarƙashin kujera.

Dattijon ya sunkuya a hankali, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ɗago. Maimakon malama ta tsaya, tsoro ya sa ta jefa kofin cikin jaka ta sake tambaya. Suka ce yana bayan ƙofa.

Ya rufe biro.

"'Yata, kwana nawa kuka yi kuna wannan?"

"Kwana biyar, ranka ya daɗe."

"Kwana biyar ai ya isa su gane abin, da koya musu kika yi."

Bai yi faɗa ba, shi ya fi yi mata ciwo. Ya ninke takardar ba sa hannu, ya ce zai dawo sau ɗaya tak, kuma ba zai faɗi ranar ba. Ya ɗingisa ya fita.

Can malama ta ciro kofin, ta durƙusa ta ajiye shi a ƙarƙashin kujerar da ba kowa a kai, ta matsa gefe don kowa ya gani.

"To, yanzu ku duba da kyau. Ina kofi yake?"

Suka amsa da ƙarfi cewa yana cikin jaka. Ko ɗayansu bai kalli kofin ba.