Kumbon Adam a Ƙarƙashin Kwando

Dangar da ke tsakanin gidana da na Ummusalama ta kara ce, kuma akuya ta cinye ƙasanta tun bara. Saboda haka kada wani ya ce leƙe nake yi. Abin da ya shigo ido da kansa, ai gani sunansa.

Ummusalama maƙwabciyata ce tun muna amare a nan Gadarif. Mijinta Haladu ya ƙarar da ƙarfinsa a gonakin dawa na Gadambaliya, ya rasu ya bar mata maza biyu, Faisal da ƙaninsa Adam. Duka sun yi karatu, suka zauna a Umdurman. Adam malamin makaranta ne, mai koyar da taurari da irin waɗannan abubuwan da ba sa cika tukunya. Da yaƙi ya tashi, Faisal ya dawo da matarsa Nasiba a bayan lori. Adam bai zo ba. Faisal ya ce wa uwar Adam ɗin ya tsaya gadin gida, kuma waya ba ta shiga a can.

Mutane sun gudo da katifa, da tukunyar gas, wata ma da keken ɗinki a ka. Faisal kuwa kwali ɗaya ya rungumo. A wurin shan jabana, gahawarmu ta nan, a gidan ƙawarmu Zaituna, na ce zinariya ce, Zaituna ta ce magani ne. Ashe duk mun faɗi. Ɓaraguzan roba ne a ciki, farare da toka-toka, suna manne a jere kamar haƙoran mataji, da 'yan kwalabe na fenti da ba su fi na kwalli ba. A bayan kwalin akwai hoton kumbo, irin jirgin nan da ke barin duniya ya hau sama inda ba iska. Na Adam ne. Ya sa an kawo masa daga waje don ya haɗa ya nuna wa ɗalibansa, ya kai rabi yaƙi ya tare shi.

Ummusalama ta karɓi kwalin ta tura ƙarƙashin angarib ɗinta, gadon nan na igiya, ta ce a ajiye masa.

Gaskiyar kuwa a bakin Nasiba na ji ta. Ta shigo aron kaskon toya kisra, wainarmu ta dawa, wata safiya, na ce mata ta rame, sai kawai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Adam ya fita neman ruwa, ɓarɓashin bom ya same shi a ciki. Bai kai la'asar ba. Hanyar maƙabarta a rufe take da masu bindiga, sai Faisal ya haƙa masa a tsakar gidan da suke haya.

"Hajja Lauratu, ki rufa mana," in ji ta. Yumma suke ce wa Ummusalama, wato Inna. "Yumma tana da hawan jini. Faisal ya ce in ta ji, ita ma binne ta za mu yi."

Na rufa. Allah shaida, maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa. Kullum Ummusalama za ta kira ni ta kan danga ta ce ta yi mafarkin Adam ya yi ƙiba, ni kuma in ce masha Allah.

Duk Juma'a, in maza sun tafi masallaci, takan fito da jallabiyar Adam da rawaninsa. Ta kifa babban kwando, ta sa kaskon turare a ƙarƙashi, ta shimfiɗa kayan a kai har hayaƙin bahur ya ratsa su. Ta ce kada yaro ya dawo ya tarar kayansa suna warin akwati.

Faisal dai ya nemi aiki bai samu ba. Garin ya cika da injiniyoyi masu sayar da albasa. Da damina ta kankama, laka ta hana kowa fita, sai wata rana na hango shi a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, ya jawo kwalin.

"Kai, kayan ƙaninka ne," uwar ta ce. "Ka san halinsa, ba ya son a taɓa masa abu."

"Shi ya ce in ƙarasa masa, Yumma."

"Kun yi waya?"

"Tun muna can ya faɗa."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba gaskiya ya faɗa ba. Ta yi murmushi ta kawo masa shayi.

Ban taɓa ganin ƙato mai gemu yana aiki irin wannan ba. Zai ɗauki reza ya yanko ɗan abin da bai kai ƙwayar riɗi ba, ya goge bakinsa da takarda mai kaushi, ya hura, ya duba hoton, ya ɗiga gam da tsinken sakace, ya riƙe da hantsaki yana ɗauke numfashi. In ya ɓace masa a ƙasa, sai ka gan shi a durƙushe yana tankaɗe rairayi da rariyar Nasiba. Inda Adam ya riga ya manna, ba ya taɓawa. Akwai wani gefe da Adam ya bar shatin ɗan yatsansa a cikin gam, na ga Faisal ya kai takarda zai goge, ya tsaya, ya ajiye ta.

Rannan na zagaya na shiga, don ɓular danga ba ta nuna komai sosai.

"Ya Faisal, wannan in ka gama, mu nawa zai ɗauka? Ka sa ni a gaba, bayan mota yana sa ni amai."

"Hajja, ke in aka kai ki duniyar wata, kafin magariba mun ji wa ya saki wa a can."

Ran nan ne kaɗai na ji ya yi abin da ya yi kama da dariya tun zuwansa.

A hankali abin ya tashi, tsawon kamu ɗaya, da hanci mai tsini da fukafukai gajeru da wasu mazurari uku a gindi. Sai fenti. Farin fentin kwalba ɗaya ce tak, kuma babu irinsa a duk kasuwar Gadarif, ya zagaya ya tambaya. Yana shafawa siriri da burushi mai gashi kamar gira, ya bari ya sha iska, ya sake. Damina ba ta barin fenti ya bushe da wuri, ga ƙuda, ga kaji. Ranar Juma'a da safe ya yi shafin ƙarshe, ya kalli gindin kwalbar babu ko ɗigo. Ya ɗora kumbon a kan bulo, ya waiga yana neman abin rufewa, ya ɗauko babban kwandon nan ya kifa a kai. Ya yi alwala ya tafi masallaci. Nasiba kuma tana wurin rabon kayan agaji.

Ni na shigo shan jabana. Ummusalama ta fito da jallabiya da rawani, ta ɗaga kwandon, ta ga abin yana ƙyalli fari fat.

"Lauratu, zo ki ga kumbon Adam. Wallahi kamar ango."

"To ango ai da turare ake fito da shi."

"Nima abin da na ce ke nan. Warin fentin nan har cikin kai."

Ta cika kasko da garwashi, ta zuba bahur, ta ajiye dab da shi. Na ce turaren nata na rowa ne, ta ƙara da itacen sandal. Ta mayar da kwando, ta lulluɓe da jallabiya, ta danne da rawani. Muka zauna muna kurɓa, tana gaya mini 'yar wa take so ta nema wa Adam in ya dawo.

Faisal ya yi sallama, ya ga hayaƙi yana tsattsafowa ta saƙar kwando. Bai cire takalmi ba. Ya fizge jallabiyar, ya ɗaga kwandon.

Farin nan ya koma ruwan zuma, wani wuri har baƙi-baƙi. Toka ta manne a jiki. Fiffiken da ke gefen kasko ya lanƙwashe ya sunkuya kamar ganyen da rana ta buga, mazurari ɗaya ya narke ya ɗiga a kan bulo.

Ya durƙusa. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Ummusalama ta taso tana gyara mayafi. "Zafi ne ya yi masa yawa? Ban san ba ya son wuta ba. Sai ka sake shafawa."

"Fentin ya ƙare, Yumma."

"To bar shi. Adam ya san inda ake samu. In ya zo ya gyara abinsa, ni zan ba shi haƙuri, ba ya fushi da ni."

Na dubi Faisal, na yi masa alama da ido, ban ma san me nake nufi ba, ko ya yi shiru ko ya faɗa. Shi bai ganni ba. Yana riƙe da fiffiken yana so ya miƙar da shi, roba ta riga ta sandare a haka.

"Ba zai zo ba, Yumma."

"Hanya ce? An ce an buɗe ta wajen..."

"Yumma. Adam ba zai zo ba."

Na miƙe na tsaya a bayanta, hannuna a buɗe, ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta laluba bakin angarib ta zauna. Ta dubi jallabiyar da ke yashe a ƙasa, sannan ta yi salati a hankali.

"Yaushe?"

"Kafin mu taso."

"Wa ya wanke shi?"

"Ni."

"Da me ka suturta shi?"

"Da zanen gado. Fari ne, wankakke."

"An yi masa salla?"

"Ni da maƙwabcinmu Elsadig, da wani dattijo da ya tsallako ta katanga."

"Ka juya fuskarsa alƙibla?"

"Na juya, Yumma."

Ta gyaɗa kai. "Ya sha wahala?"

Ya ce bai daɗe ba, ya nemi ruwa an ba shi, ya yi kalimar shahada, ya ce a gaishe ta. Faisal ya rarrafo ya sa kansa a gwiwarta yana cewa ta yafe masa, tsoro ya ji.

"Tsoron me? Ni na haife shi. Ka bar ni ina turara kayan mamaci, ban yi masa sadaka ko ta dabino ɗaya ba." Ta faɗi haka, amma hannunta yana kan kansa, bai sauka ba.

Da ta nisa, ta ce ya miƙo mata kumbon. Ya ce ya lalace, zai jefar. Ta ce ya miƙo. Ta ɗora shi a cinya, fentin yana kama mata zane, ba ta kula ba.

"Lauratu."

"Na'am."

"Ƙafata ba za ta ɗauke ni ba. Ki je gidan liman, ki je gidan Zaituna, ki bi layin nan duka. Ki ce gobe za a shimfiɗa tabarmi a gidan Haladu. Ki ce Adam ɗana ya rasu a Umdurman, an yi masa salla, an binne shi."

Na ɗauki takalmina a hannu saboda laka. Gidan Zaituna ne farko a layin. Tana bakin ƙofa tana tsince riɗi a faifai, tana ganina ta washe baki.

"Yawwa, ga rediyo ta iso. Me kika kawo mana yau?"

"Ajiye faifan nan, Zaituna," na ce. "Ɗauko mayafinki."