Sulallan Baba a Kan Sikeli

…kuma wai sai da ya sa safar hannu. Fara ƙal, kamar likita zai shiga ɗakin fiɗa. Ita da ta yi shekara da shekaru tana juya Baba a kan gado, tana kwashe abin da ba a faɗa da hannunta haka nan, wa ya taɓa miƙo mata safa? Amma ƙarfe — ƙarfen da ba ya tari, ba ya kiran sunan kowa — shi ake lallaɓawa.

Tana zaune a shagon mai sayen tsofaffin kuɗi, akwatin marigayi Baba a buɗe a kan kanta tsakaninsu. Tsohon yana zaro sulallan azurfa ɗaya bayan ɗaya daga gurabensu, yana kanga su ga fitila, yana leƙa su ta wani ɗan gilashi da ya maƙala a ido.  Sai "uhm". Uhm ɗin me? In na kirki ne ka faɗa, in na banza ne ka faɗa, bawan Allah, mutane na da abin yi.

Abin yi… wane abin yi? Shagon ɗinkinta wata ce a ciki yanzu, tana sayar da takalma. Kekunanta sun tafi tun shekarar da Baba ya faɗi a banɗaki, ɗaya na bin ɗaya, sun zama allura da ƙwayoyi da kuɗin gadon asibiti. A lokacin ba wanda ya ce a taɓa akwatin nan. Da ta yi ƙarfin halin furtawa, Baba ya juya fuska bango, ya ƙi buɗe baki ya ci abinci. Mama ta ce, Auta, bar masa abinsa, shi kaɗai ya rage masa. Shi kaɗai. To ita da take tsaye da bokitin wanka a hannu, ita mece ce? Ƙofa ce? Tabarma?

Waya na kuka a jaka. Yaya ne, ba sai ta duba ba. Yana can tsallaken titi cikin mota, gilashi a rufe, yana shan sanyi. Wai babu wurin ajiye mota, wai ke kin fi ni iya ciniki. Ciniki! Mutumin da sai ya ga dama yake leƙo gida, ya zauna a bakin gado da ledar ayaba, ya duba agogo, ya tashi. Ranar rasuwa kuwa kukansa ya fi na kowa, maza na riƙe shi, ana cewa babban ɗa, babban ɗa, Allah ya ba ka haƙuri. Ita tana bayan gida tana wanke zanen gado na ƙarshe. Me ya sa ma ta wanke? Wa zai kwanta a kai?

Bari ta yi ta kuka, wayar.

An dai gama magana a gida: a sayar, a fara kankare wa Mama yanar da ta rufe mata idanu, abin da ya saura a raba. Ita ba ta da dogon buri. Keke ɗaya. Ko na hannu ne, ko mai ƙara kamar injin niƙa, ta kafa shi a falo ta koma mutum. Shi ya sa jiya ta wuni a tsugune da toka da lemun tsami, tana dirzar su har yatsunta suka yi zafi, don kada a kawo su baƙi ƙirin a ce kayan bola ne. Ga su nan kuwa, sai walƙiya suke —

"'Yata, wa ya wanke su?"

Ta gyara zama. "Ni ce."

Ya cire gilashin daga ido. Yana magana a hankali, irin ta masu jajantawa. Wai wannan baƙin da ta kankare shi ne masu tara irin waɗannan suke biya. Wai shi ne shekarunsu. Wai toka ta karce musu fuska, duk wanda ya san abin, kallo ɗaya zai yi ya ajiye. Yanzu yawancinsu sai dai a auna, nauyin azurfa kawai, maƙeri ya narka ya yi zobe.

Ya jawo sikeli. Ya fara zuba su tuli guda — ƙararsu kamar ana juye cokula a kwano.

To wa ya gaya mata? Wa? Baba, kai nake tambaya. Duk safiyar da ba ka zuwa aiki kana zaune a tebur da ɗanka, ƙofa a ɗan buɗe, kana nuna masa: wannan sarkin wata ƙasa ne da ta daina wanzuwa, wannan jirgin ruwa ne, wannan an buga shi da kuskure shi ya sa ya fi sauran, riƙe ta gefe, ta gefe na ce. Ita tana laɓe, rabin fuska a ƙofa. Auta, je ki taya mamanki. Kullum je ki taya mamanki. Ta je. Ta taya. Ta koyi cewa in an ga datti wankewa ake yi, shi kaɗai aka koya mata a gidan nan, ta kuwa iya — ta wanke kwano, ta wanke tufafi, ta wanke ka kai kanka har bayan kunne, yau kuma an ce wankin ne laifi. Kalma ɗaya, Baba. Dukan zaman da muka yi ni da kai a ɗaki ɗaya, kana kallon rufi ina yanke maka farce, kalma ɗaya ta gagare ka?

Albashi ya shigo, rabi ya tafi akwati. Rufin ɗakin girki na yoyo, Mama na tara roba, shi yana murna ya samo wata sarauniya mai karyayyen hanci. Dukiyarku ce nake tara muku, in ji shi. Ga dukiyar nan a kan sikeli kamar kayan miya.

Tsohon ya faɗi farashi. Ta ji, ta yi lissafi a ranta. Kuɗin aikin idon Mama zai fita, da ƙyar. Keke kuwa… ko ƙafar keke.

Ya jawo aljihun akwatin na ƙasa, ya tsaya. Gurabe ne fayau, layi-layi, kowanne da zagayen tabo a jikin karan-miskin, alamar wani abu ya daɗe a kwance a wurin. Jiya ta gan su, ta ɗauka wuraren da Baba bai kai ga cikawa ba ne. Tsohon yana shafa su da yatsa, yana cewa ai na nan su ne kayan, su ne akwatin gaba ɗaya, da suna nan da ba a yi maganar sikeli ba. Amma sun riga sun bi ta hannunsa. Ai ta sani ko? Yayanta ne ya riƙa kawowa, kaɗan-kaɗan, tun bara waccan.

Tun bara waccan.

Ledar ayaba. Ashe ledar ba ta komawa haka nan. Ɓarawo — ɓarawo ɗan gida, mai farar riga, mai kukan makoki! Ashe shi ya sa babu wurin ajiye mota. Ashe shi ya sa ta fi shi iya ciniki. Ya san tsohon zai gane fuskarsa, sai ya turo ta kamar jaki ta ɗauko ragowar. Motar ma da yake shan sanyi a ciki, yaushe ya saye ta? Yaushe? Ta miƙe, kujera ta faɗi a bayanta. Yanzu za ta tsallaka titin nan, ta buɗe ƙofar, ta shaƙe wuyan rigar, jama'a su taru, su ji, ta kira shi da sunan da ya dace da shi tun —

"A'a, 'yata, kada ki ɗauki alhakinsa," in ji tsohon. "Marigayi da bakinsa ya kira ni a waya. Ya ce duk abin da yaron ya kawo in karɓa, shi ya ba shi."

Kira? Wane kira? Baban da cokali ke faɗuwa daga hannunsa? Baban da ba ya ganin lamba ko an rubuta ta da gawayi a bango? Ƙarya ne. Ba shi da yadda zai…

Auta, nemo mini abokin nan nawa mai shago, mu gaisa.

Da hantsi ne. Ta gama shafa masa mai a baya. Ita ta nemo lambar. Ita ta danna. Ita ta kara masa wayar a kunne, ta tokare da matashi don kada ta zame. Ya ɗago ido ya ce, ja mana ƙofa. Ta ja. Ta fita shanya tana jin daɗi, har tana cewa a ranta yau jiki da sauƙi, tunda ya tuna da abokai. A makon ne aka zo da a-kori-kura aka ɗauki kekenta na ƙarshe, shi yana ji, ta tagarsa aka wuce da shi.

Ba sata ba ce ke nan. Da ma sata ce. Sata ana kai ƙara, ana zagi, ana hucewa. Wannan wa za ta shaƙe? Ƙasa?

Tsohon ya ɗaga kujerar, ya ajiye mata. Yana tambaya ko a ƙulla cinikin, ko za ta koma gida su yi shawara tukuna. Shawara… da wa? Ta zauna.  Sai dai ta koma ta gaya wa Mama, ta zauna a gabanta ta riƙe mata hannu ta ce, Mama, kin san abin da mijinki da ɗanki suka —

Ja mana ƙofa.

Mana.

Mama na zaune a gefen gadon ranar, tana ninke masa riguna. Ita aka ce ta fita. Mama ba ta fito ba.