Masabar Kufai

Ana tsakiyar huɗa garmar Kabo ta dare gida biyu. Kabo manomi ne a Balan, ba shi da wata garmar, sai ya saɓa ta ya nufi Gaya, maƙerar Da'u.

"Ba ka ga abin da ke gabana ba?" in ji Da'u, ko kai bai ɗago ba. "An ce mu ƙera kibau saboda Ningawa. Ka dawo bayan damina."

"Bayan damina? Gonata za ta jira ka?"

"To, je ka ƙera da kanka."

Mutanen maƙerar suka kwashe da dariya. Kabo ya fito yana huci, dariyar nan tana cin sa har gida.

Gabas da Ajingi akwai kufan wani ƙauye da mahara suka ƙone shekarun baya. Can ya tafi da jakinsa. Ya tona tokar tsohuwar maƙerarsu, ya samo uwar maƙera duk tsatsa, da awartaki mai karyayyen baki, da masaba ba ƙota. Ya ɗinka zugazugi da fatar akuya, ya ƙona gawayin ƙirya. Matarsa Kulu ce ke zuga masa.

Karon farko ƙarfen ya ƙone ya zama banza. Karo na biyu ya fallatso masa a ƙafa, ya yi jifa da awartaki har ya fasa tulu.

"Maigida, ƙarfen kake duka ko Da'u?" in ji Kulu.

Ya ce ta ci gaba da zuga.

Labari ya kai Gaya. Rannan da hantsi sai ga Da'u a ƙofar gida, ko sallama babu.

"Ƙira gado ce. Uban wa ya ba ka?" Idonsa ya faɗa kan masabar, muryarsa ta canja. "Wannan ta yayana ce, Shehu. Da ita a hannunsa mahara suka kama shi a ƙauyen nan."

"Shekara da shekaru tana kwance cikin toka," in ji Kabo. "Ba ka taɓa zuwa ka ɗauko ba, sai yau da ta shigo hannuna?"

Ya so ya hana shi masabar. Amma ya ga yadda Da'u ke kallonta, sai ya wurga masa ita gaban ƙafa.

"Ɗauki. Fice mini daga gida."

Da dutsen kogi da gindin tsohon gatari ya ƙarasa aikin. Garmar ta fito a karkace, mummuna, amma ta shiga ƙasa. Huɗar ta makara, dawarsa ba ta yi kai sosai ba.

Da'u ya kai ƙara, dagaci ya yanke cewa Kabo ya ƙera na gonarsa, kada ya kai kasuwa. Kabo ya ce shi dama bai ce zai sayar wa kowa ba. Da rani ya kama, yana zaune gaban wuta yana ta ɓata ƙarfe, wai sai ya iya lauje.