Takardun Belang

Takardun kyanwar sun fi na Baba Syafril kauri. Nasa fasfo ne da biza. Na kyanwar, Belang, kuwa sun cika jakar leda: allurar haukan kare sau biyu, gwajin jini, da lambar 'yar na'urar shaida da aka cusa mata a wuya.

'Yarsa Yusnita, mai aikin jinya a ƙasar waje, ta matsa masa ya bar garinsu Padang ya koma wurinta. Shi kuma tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira sai kyanwar nan. Ya ce ƙafarsa ƙafarta.

"Baba, doka ta sake canjawa," in ji likitan dabbobi. "Sai ta yi wata shida kulle a gida, sannan ka sa hannu cewa taka ce kai kaɗai."

"To da ta wa ce? Ta liman?"

Ya rufe tagogi, ya toshe kafar ƙofar baya da katako. Belang ta ƙi cin abinci, sai kuka.

Rana ta tara da hantsi aka yi sallama. Rosmaini ce, tsohuwar da ke suyar kifi a bayan masallaci.

"Malam, Manis ɗina nake nema. Kukanta na jiyo."

"Nan babu Manis. Belang ce."

"A gidanka ne Belang. Shekara huɗu kullum tana gindin murhuna. A kwandon tsummana ta haihu, har sau biyu."

"Ta haihu?"

"Ji mai kyanwa! Da ka ga cikin ya sace, ka zaci azumi ta yi?" Ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "An ce jirgi za ka sa ta. Ni kuma wa zan yi wa faɗa da safe?"

Ya daɗe yana riƙe da sakata kafin ya zare. Belang ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, ta shiga goga kai a zanen tsohuwar. Gani ya kori ji.

"Da la'asar ban san inda take zuwa ba," in ji Rosmaini.

"Gidan nan take zuwa," in ji shi.

Rosmaini da Belang suka sha kwana, kyanwar a gaba. Wayarsa ta yi ƙara, saƙon Yusnita ne: "Baba, kwana nawa ta yi a kulle yanzu?"

Ya kife wayar. Ya jawo kujera bakin ƙofa ya zauna jiran la'asar, ko azahar ba a kira ba.