Kada Ka Cire Hular Nan, Odair

…kuma sau uku ta gaya masa, sau uku. A ƙofar banɗaki, a cikin mota, a gindin bene. Odair, kome zafi, kome ƙaiƙayi, kada ka cire hular nan sai na sa hannu a takarda. Ya ce to. Shekara ashirin da biyu da aure, Odair bai taɓa rasa "to" a bakinsa ba. Ga shi can a layin gaba da koriyar hana-sallarsa, gumi na bin wuyansa, yana ta yi mata murmushi sai ka ce ita ta ƙirƙiro intanet.

Fanka ɗaya ce ke juyawa. Ɗaya tak. Watan Satumba a Goiânia ta ƙasar Brazil, ƙarfe uku na rana, ɗakin rawa a saman gidan burodi — tanda na hura wuta daga ƙasa, kwano na gasa mutum daga sama. Wane mara tunani ne ya zaɓi wurin nan? Ita ce. Valdirene da kanta, don an yi mata rangwame.

Kujera ɗari biyu. Dillalai goma sha uku, lauya ɗaya, sai Odair.

To laifin wa? A takardar gayyata ta rubuta: saura kujeru uku kacal, yi sauri! Ba ta ma san ta rubuta ba, hannu ne ya saba. Kuma wa ta aika wa? Dillalan intanet ɗari huɗu, mutanen da ke kwana su tashi suna gaya wa duniya saura kwalba uku, saura minti uku, saura... Ko gira ba wanda ya ɗaga. Waɗanda suka zo ma, ƙamshin burodin cuku ne ya hawo da rabinsu.

Mama har ta koma ga Allah ba ta gane sana'ar nan ba. "To ina kayan, 'yar nan?" Kayan na wani ne, Mama. Ni linki gare ni, na yabi kayan, mutum ya latsa, ya saya, na ci la'ada. "Ina shagon?" Babu. "Wato surutu kike sayarwa." Da tana raye yau ta ga surutu ya yi ƙungiya, da kundin dokoki mai shafi tara, da tambari, da shugaba — shugabar da za ta zama nan da minti goma, in dai hular nan ta zauna inda take.

"Doka ta biyu..."

Cleuton ne ke karantawa, yana zaune kusa da ita a kan dandamali. Cleuton mai shayin rage tumbi, mai haƙoran da suka fi faranti fari, wanda bai taɓa wuce motar wani a titi bai jingina da ita ya ɗauki hoto ba. Kujerar shugaba yake so, kowa ya sani. Da ƙuri'a biyu ta fi shi, kuma ɗaya daga cikin biyun tana can tana gyangyaɗi.

Ba don tsoron Allah aka taru ba, a bar kaza cikin gashinta. Masu yin doka ne a Brasília suka fara waiwayo dillalan intanet, koke ya yi yawa, ita kuwa ta ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta... Mu tsawata wa kanmu kafin a tsawata mana. Wata biyar tana bin mutane. Lauyar da ta gayyato don shaida, Dokta Marlúcia, ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Wato kura za a ba ajiyar nama?" Ta ce, Dokta, ai kura ce ta san ta inda kura ke shiga. Amsar ta yi mata daɗi ƙwarai, har ta sa a bango da hotonta.

Yana kallon fanka. Wayyo, Odair yana kallon fankar da ta mutu. Mai gyaran firji ne, ba ya iya ganin abu a mace ya ƙyale shi. Yanzu zai tashi, ya taka kujera, ya ɗaga kai, hula ta — zauna. Zauna, Odair. Ta zare masa ido. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga mata hannu.

"Doka ta huɗu. Duk wanda ya yi tallan kaya da hoton kafin-da-bayan na ƙarya, a kore shi daga ƙungiya, a buga sunansa duniya ta gani."

Wa ya rubuta wannan? Ita dai. Don Cleuton ta rubuta, da tagwayen nan nasa, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, da ya ce mace ɗaya ce ta sha shayi. Har da "a buga sunansa" ita ta ƙara, tana dariya ita kaɗai a kicin. An ce in za ka gina ramin mugunta... to ita da injin haƙa rijiya ta zo.

Ai ba ƙarya ta yi ba. Tsaya, a bi abin a hankali. Shekara shida ke nan, an sallame ta daga kantin magani, 'yarsu Larissa na aji biyar a sakandare tana maganar karatun likitan haƙori. Ga man gashi, Gezar Zaki, na man ɗan itacen pequi, mai warin da ke riga mutum shiga ɗaki. Mako uku tana yabonsa, ko kare bai latsa ba. Ran nan Odair ya durƙusa yana gyaran famfo, ƙeyarsa na sheƙi kamar an wanke tasa, ga tabon nan mai kama da ƙwallon yazawa a tsakiyar sanƙo, ga kunnen hagu da ya ɗan baje — ƙyas, ta ɗauka a waya. A kan kabad kuma ga hoton ɗaurin aurensu, wanda aka ɗauka daga baya a coci: ƙeya ɗaya, kunne ɗaya, gashi baƙi wuluk har wuya.

Sanƙo a hagu: KAFIN. Ango a dama: BAYAN KWANA CASA'IN.

Kan nasa ne? Nasa ne. Gashin nasa ne? Nasa ne, ita shaida ce, ta sha cusa yatsu a ciki. Jere kawai ta sauya. Lokaci ne ya tafi ta can, ita ta juyo da shi ta nan, shi ke nan fa. Wace doka ce ta ce dole shekaru su... Doka ta huɗu ce ta ce. Wadda ta rubuta.

Mai kaza a aljihu. Tun safe kowa ya yi tari sai gabanta ya faɗi.

Rufin gida daga kan nan ya fito. Mota daga kan nan. Larissa na can tana leƙa bakin mutane da farar riga, daga kan nan. Mutane suka ce kunne ba ya ƙarya, dubi kunnen, mutum ɗaya ne! Brazil kaf ta san ƙeyar nan, ba ta san fuskar ba. Me ya sa ma ta zo da shi? Ba ita ta zo da shi ba, shi ya goge takalmi tun jiya. "Matata za ta zama shugaba ina gida ina kallon ƙwallo? Haba, Val."

Kuma shi kaɗai ne bai sani ba. Wa ya taɓa ganin ƙeyar kansa? Wayarsa mai maɓalli ce, ko hoto ba ta buɗewa. Wata takwas da fara tallan ya dawo daga wurin shan giyar unguwa da sauri, ko takalmi bai cire ba. "Val! Wani ya nuna min a waya, mutum mai kai irin nawa sak, har kunnen! Kwana casa'in, ki ga gashi! Ba ke ma kina sayar da man nan ba? Saya min." Ta saya masa... ta linkinta. La'adar ma ta shigo, har wayar ta yi ƙara.

Kwana casa'in. Sau nawa casa'in ta zagayo tun daga ranar? Kullum da safe, a bakin madubi, ya shafa, ya murza, ya sunkuyo mata da kai kamar ɗan rago. "Duba min, ya fara?" Ya fara, Odair. "Mutumin nan ya fi ni sa'a ne kawai." E, ya fi ka.

"Doka ta tara, ta ƙarshe..."

Saura kaɗan. Biro na gabanta, takarda na gabanta. Ta sa hannu, a tafa, a sha kofi, ta jawo shi zuwa mota da hularsa. Gobe ta sauke tallan — ai tun bara take cewa za ta sauke — gobe dai, ko Litinin, in an wuce rangwamen ƙarshen wata.

Wane ne wannan kuma ya miƙe?

Fasto Jurandir. Mai sayar da darussan "Arziki Cikin Kwana Arba'in". Me yake so?

"'Yan'uwa, abu mai girma irin wannan ba a fara shi da biro. Mu miƙe mu yi addu'a."

A'a. A'a, a'a, Fasto, ba ya cikin jadawali, ita ta rubuta jadawalin — kujeru na ƙara, kowa na tashi. Odair ya miƙe. Odair, wanda uwarsa ta rene shi da bulala da littafin waƙoƙin coci, wanda ko gawar kare aka wuce da ita sai ya... Hannunsa na tafiya sama. Odair, dube ni. Dube ni! Ya riga ya rufe ido.

Hula a ƙirji.

Kuma a layin gaba ta zaunar da shi. A layin gaba! Don ta sa masa ido. Duk sauran suna bayansa, daidai inda ta tsaya da waya ranar gyaran famfo. Ya kuma sunkuyar da kai, don na kan dandamali ma kada a bar su a baya. Hasken taga ya sauka a kan tabon. Ga yazawa, ga kunne, ko a tallan bai fito haka ba.

Dillali ba ya rufe ido a addu'a, waya yake dubawa ta ƙasa. Ɗaya ta ɗago. Na kusa da ita ya ɗago. Mai gyangyaɗin nan ma ta wartsake sarai. Daga baya wani ya yi raɗa, irin raɗar da ake ji har gidan burodi:

"Kai, jama'a... Kafin ne."

"Rufe mana baki."

"Na rantse da kabarin uwata, Kafin ne! Ashe yana da rai!"

Shi ke nan. A kore shi, a buga sunansa. Valdirene Rezende, shugabar minti sifili, mari na farko da hannunta a kuncinta. Larissa za ta gani. Maƙwabta za su gani. Wani zai kai wa Odair waya wurin shan giya, ya ce duba da kyau, malam, wannan karon duba da kyau... Cleuton ya buɗe baki, haƙoran nan sun fito. Faɗi mana. Faɗi a huta.

Bai faɗa ba. Me ya same shi? Kallon kan yake yi kamar wanda ya haɗu da malaminsa na firamare a tasha. Idonsa har ya kawo ruwa.

Au.

Kafin shayi, me Cleuton ke sayarwa? Gezar Zaki. Da wane hoto? Ta kai ƙararsa ga masu kayan har sau biyu, ya sace mata hoto. Waccan mai jan gashi ma ta sata. Na bayanta ma. Fasto da ke ta "ya Ubangiji, ka tsarkake kasuwarmu" da ido ɗaya a buɗe — da kan nan ya sayi motarsa ta farko. Su goma sha uku, babu wanda bai ci tuwo a kan sanƙon mijinta ba. Wa zai tona? Ya ce a ina ya san kan?

Dokta Marlúcia kaɗai ce ta rufe ido da gaske, baiwar Allah, har leɓenta na motsi.

"Amin."

Hula ta koma. Cleuton ya turo mata biro da yatsa biyu, a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki.

"Shugaba, ke ce farko. Ki gaishe min da maigida... da kyau."

Ta tsira ke nan? Haka tsira take? Ba mai magana yau, ba mai magana gobe, ƙungiya ta kafu daram, kowa ya riƙe wutsiyar kowa. Abin da ta yi wata biyar tana nema. Ya kamata ta ji daɗi. Tana jira ta ji.

Odair na yi mata alama daga ƙasa. Ya nuna hula, ya haɗa hannu biyu: yi haƙuri. A mota ma abin da ya ce ke nan da ta faɗa masa karo na biyu, ita tana ta duba jadawali ba ta ko juyo ba. "Na gane, Val. Manyan mutane za su zo. Ba zan kunyata ki da kan nan ba." Ya kunna mota. "Ai ya kusa fitowa."

Wato shi a tunaninsa... fiye da shekara biyar yana shafa abin nan mai wari, ba don mutumin hoton ba, don ita...

Warin pequi ya iso dandamali. Layin sa hannu na nan, ƙarƙashin doka ta tara, ita kuma idonta ya ƙi barin ta huɗu. Ana jira. Dokta ta gyara tabarau. Yana ta murmushi, ya ɗaga mata babban yatsa.

Gobe da safe, bakin madubi, zai sunkuyo.

Duba min, Val...