Kwanon da Aka Juye wa Karnuka

Maclovio Zárate, shugaban mabusan garin nan, kai ka kwantar da mijina. A gaban dattawa nake faɗa, kuma ba zan rage murya ba don kai ka riƙe 'yata a coci ranar baftismarta, har muke kiran juna kompadre da komadre.

Kowa ya san Eleuterio, shi ke busa babban ƙahon nan na kafaɗa tun kafin ya aure ni. Kowa ya san yana da ciwon suga. Bara da damina ya durƙushe a gonar masara, dafe da ƙirji. Likita ta ce maiƙo ya taru masa a jini, hanyoyin zuciya sun tsuke, kuma mai suga in ya kai nan, zuciyar ba ta cika yin sallama kafin ta buga ba. Ban yi makaranta ba, amma kunnena ƙalau yake. Ran nan na kyautar da tukunyar man alade. Da safe kunun hatsin ots babu sukari. Da rana wake, gasasshen ganyen nopal, tsiron nan mai ƙaya, piya, ɗan kifi in an samu.

Ya yi ta mita. "Crescencia, kin mai da ni zomo."

Na ce, "Ci, tsohon banza. Zomon ma ina son abina."

Ya ci har ya saba. Numfashinsa ya dawo, ya koma hawan tudu ba ya tsayawa.

Sai bikin waliyyinmu ya zo. Kun san yadda ake yi: mabusa su bi gida-gida mako guda, kowane gida ya ciyar da su, kuma ba a mayar wa mai gida abincinsa. Don haka na taka har ƙofarka, Maclovio. Na ce, "Kompadre, zai riƙa zuwa da kwanonsa. Ka tare masa mutane." Ka dafa ƙirji ka ce, "Komadre, je ki yi barcinki, a hannuna yake."

Fidencio mai ganga ya gaya mini sauran, yana nan, ku tambaye shi. A gidan farko mijina ya koma gefe ya buɗe kwanonsa. Ka fizge ka ce, "A gidan mutane? So kake a ce mabusana sun raina girkin gari?" Ka juye wa karnuka. Ka tura masa tamal, ƙullin masarar nan da ake turarawa a ganye, yana naso da mai, da soyayyar fatar alade, da lemon kwalba. Ka ce, "Ci, Zomo, ganye ba ya busa ƙaho." Aka kwashe da dariya. Eleuterio mutum ne mai kunya, gara ya haɗiyi garwashi da a yi masa dariya. Ya ci. Haka a gida na biyu, haka washegari, haka har ƙarshen mako.

Kwanon yana dawo mini tas kullum, ina ta jin daɗi. Ashe karnuka ke lashewa.

A ƙahon na fara ji. Daga madafata nake jin ku duk inda kuke a kwarin nan, kuma ba na sauraren kowa sai shi, wannan sautin na ƙasa da ke riƙe da sauran. Sai ya fara giɓi. Ya busa, ya yi shiru inda bai taɓa yin shiru ba, sannan ya kamo ku a guje. Na tambaye shi. Ya ce bakin ƙahon ne ya toshe.

Ranar da za a hau da mutum-mutumin waliyyi kan dutse, ya tashi fuskarsa kamar toka, gumi mai sanyi a goshi, yana ta murza hannun hagu. Ya ce ƙwannafi ne. Na tare ƙofa. Sai ga ka da farar hula.

Na ce, "Ba ya zuwa. Dube shi."

Ka ce, "Haba komadre, giyar jiya ce. In ya yi gumi a hanya ta fita."

"Wace giya? Wa ya ba shi giya?"

Ka leƙa bayana ka ce, "Eleuterio, waliyyi zai hau ba ƙaho, ko mu jira matarka ta ba ka izini?"

Ya ture hannuna a hankali, ya rataya ƙaho.

Ina tsaye a tsakar gida ina bin sautinsa yana hawa. Wajen kwanar itatuwan nan ya ɗauke. Na jira ya kamo ku. Bai kamo ba. Ku kuwa ba ku tsaya ba, wai ba a ajiye waliyyi a tsakiyar hanya. Kuka jingina shi da itace, kuka zare masa ƙaho, kuka wuce kuna busa. Mata masu sayar da furanni ne suka sauko da shi, suka tare motar itace.

Yanzu yana asibitin birni, roba a hanci, roba a hannu. Likitan da ke duba shi, in yana magana, bango yake kallo ba ni ba.

Na dawo ɗaukar masa bargo, na tarar ka aiko da kwandon tamal wai na jaje, da saƙo wai in ba da aron ƙahonsa. Da yamma kuma na ji ku a bayan coci kuna gwada busar rakiyar gawa. Babu wanda ya mutu a garin nan, Maclovio. Wa kuke shirya wa?

Dattawa, ga kwanon, ga kwandon, ban taɓa ko tamal ɗaya ba. Ku sa shi ya miƙe, ya cire hular nan, ya faɗa da bakinsa abin da ya yi mini alkawari da abin da ya zuba wa karnuka. Sannan ya gaya wa garin nan wa ya ba shi ikon barin mutum a gindin itace. Ina jira, kuma ba na zama.